Sankarar Maƙogwaro Ba Shaidar Zina Ba Ce: Martani ga Malam

Na karanta rubutun da wani Malam ya yi a kan sankarar baki da maƙogwaro. Da ya tsaya inda likitocin da ya dogara da su suka tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Tushen labarinsa gaskiya ne: akwai ƙwayar cuta da ake kira HPV, ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, kuma a Amurka da Ingila yau ita ce kan gaba wajen haddasa sankara a tsakiyar maƙogwaro. Amma daga nan sai Malam ya yi tsalle ya dira wani wuri dabam. A taƙaice ya nuna cewa wannan ciwo tonon asiri ne, duk magidancin da ya same shi to iyalinsa su san abin da yake aikatawa a ɓoye. Ya ƙara da cewa cutar Turawa ce da masu kwaikwayonsu, mu da muke da addini da kunya ba ruwanmu, balle har a tara mana 'ya'ya mata a makarantu ana yi musu allurar rigakafi. Malam mutum ne da ake jin maganarsa, ana kuma yaɗa ta. Shi ya sa, cikin girmamawa, nake ganin bai kamata a bar wannan ta wuce ba.

Da farko dai in ba shi haƙƙinsa, domin akwai masu musun alaƙar gaba ɗaya, kuma ba na cikinsu. Wani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano nau'i na 16 da na 18 na wannan ƙwaya a cikin sankarar bakin mahaifa a 1983 da 1984, aikin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2008. A 1983 ɗin ne kuma wasu masana a Finland, Stina da Kari Syrjänen, suka fara nuna cewa da alama tana da hannu a sankarar baki. An daɗe ana jan maganar, har zuwa shekarar 2000, lokacin da Maura Gillison ta Jami'ar Johns Hopkins ta duba marasa lafiya 253 masu sankarar kai da wuya, ta sami ƙwayar a kusan kashi ɗaya bisa huɗu, mafi yawa nau'i na 16, kuma mafi yawa a wuri guda: tsokokin nan biyu da ke dama da hagu na belu, waɗanda a asibiti ake kira tonsil, da kuma tushen harshe. Wani bincike na 2011 ya waiwayi tsofaffin samfuran nama a Amurka, ya tarar a ƙarshen shekarun 1980 kashi 16 cikin 100 ne kawai na sankarar wannan wuri ke ɗauke da ƙwayar, amma zuwa farkon shekarun 2000 ta haura kashi 70. Yau a Amurka masu kamuwa da sankarar maƙogwaro ta dalilin HPV sun fi masu kamuwa da ta bakin mahaifa yawa, kuma akasarinsu maza ne.

An ma san yadda take yin ɓarnar. Tsokar tonsil tana da ramuka masu zurfi, fatar cikinsu kuma sakaka take, sai ƙwayar ta sami wurin fakewa. Idan ta daɗe, sai ta riƙa fitar da wasu sinadarai biyu, E6 da E7, waɗanda ke lalata abubuwan da Allah Ya sanya a ƙwayar halitta don hana ta hayayyafa ba tsari. Kamar a cire wa mota birki ne a bar ta a gangare. Duk wannan ba ni da ja da shi.

Rubutun da Malam ya ɗauko labarinsa daga ciki, kamar yadda jaridu da yawa suka yi, na Farfesa Hisham Mehanna ne na Jami'ar Birmingham, wanda ya fito a Afrilun 2023. Daga can ne aka samo cewa wanda ya yi saduwar baki da mutum 6 ko fiye a rayuwarsa, haɗarinsa ya ninka sau takwas da rabi. To amma a cikin rubutun nan dai Farfesan ya faɗi wani abu da Malam ya tsallake: a binciken da suka yi a kan kusan mutum 1,000 a Birtaniya, kashi 80 cikin 100 na manya sun ce sun taɓa yin wannan nau'in saduwa, amma 'yan kaɗan ƙwarai ne ke yin sankara. Kuma inda ya dosa da maganarsa shi ne a yi wa yara allurar rigakafi, maza da mata. Malam ya ɗauki rabin da ya dace da wa'azinsa, ya bar rabin da ya saɓa masa.

Kuskure na farko da ya fi damuna shi ne haɗa baki da maƙogwaro a cikin kwando ɗaya. Wuraren daban-daban ne, sanadinsu ma daban. Sankarar da ke fitowa a leɓe, ko dasashi, ko cikin kunci, ko gaban harshe da ƙarƙashinsa, taba ce da barasa kan gaba wajen jawo ta, a Indiya da maƙwabtanta kuma har da wani ɗan itace da suke taunawa da ganye da farar ƙasa. Rabon HPV a wannan sashe bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Haka ma ta can ƙasa inda murya ke fita, ita ma taba ce uwar tafiyarta. Akwai kuma wadda ke tsirowa a bayan hanci, wadda likitocin Arewa suka saba gani, ita kuwa alaƙarta da wata ƙwaya ce dabam mai suna Epstein-Barr, wadda yawancin mutane tun suna yara suke ɗauka ta hanyar yawu. Wuri ɗaya tak, tsakiyar maƙogwaro, shi ne HPV ta yi ƙarfi a cikinsa. Ko a nan ɗin ma, kashi 70 na Amurka ne. Idan aka haɗa duniya baki ɗaya, kusan kashi 30 ne. Binciken da aka yi a Dakar ta Senegal, da wani da aka buga a 2016 a kan samfuran nama daga asibitocin Najeriya, sun sami ƙwayar a ƙalilan ƙwarai, wani wuri ma ba a same ta ba.

Na san Malam zai ce, to ai ga shi na zo kan maganarsa, cutar Turawa ce. Sai dai ya lura, wannan hujja ita ce ke rushe ginin nasa. Idan a nan ƙasar mafi yawan sankarar baki da wuya ba HPV ce ke kawo ta ba, ke nan dattijon da ke kwance a Asibitin Malam Aminu Kano da ƙari a wuya, wanda aka koya wa 'ya'yansa su riƙa yi masa kallon tuhuma, mai yiwuwa abin da ya kai shi can sigari ne na shekara talatin, ko anwuru, ko ma babu wani dalili da za a iya nunawa. Ba zai yiwu Malam ya ce ciwon ba namu ba ne, sannan ya ce namu da ya kamu mazinaci ne ba. Ya zaɓi ɗaya. Abin mamaki kuma, rubutun nasa daga farko har ƙarshe bai ambaci taba ba ko sau ɗaya, alhali ga matasanmu nan, maza da mata, a wuraren shan shisha.

To a ce ma an yanki naman an auna, an tabbatar HPV ce. Me wannan ya tabbatar a kan mutumin? A nan ne nake so Malam ya ɗan saurara, domin a nan ne maganar ta shafi mutuncin bayin Allah.

HPV ba irin cutar da ke bin 'yan tsiraru ba ce. Tana da nau'i fiye da 200, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan duk wanda ya taɓa saduwa, matuƙar ba a yi masa rigakafi ba, zai ɗauke ta wata rana a rayuwarsa. Haɗuwar fata da fata ta isa, shi ya sa kwaroron roba ke rage ta amma ba ya kawar da ita. Yawancin mutane ba sa ma sanin sun ɗauka, domin kusan 9 cikin 10 jikinsu ke kashe ta cikin shekara biyu ba tare da wata alama ba. Wani bincike da aka yi a Birmingham, aka buga a 2002, ya bi 'yan mata waɗanda mutum ɗaya kawai suka taɓa sani, ya tarar kusan rabinsu sun ɗauki ƙwayar cikin shekara uku. Mutum ɗaya fa.

Yanzu mu dubi yadda muke aure. Namiji yana da damar mata huɗu. Ana saki, ana mutuwa, bazawara tana sake aure, wani ya auri wadda ta yi aure biyu kafin shi, ita kuma ta tarar da kishiyoyin da kowacce da nata tarihin. Duk halal ne, an ɗaura a gaban shaidu, an raba goro. Amma ƙwayar cuta ba ta tambayar sadaki. Idan mutum ɗaya a cikin wannan doguwar sarƙa ya taɓa ɗaukarta, ko da shekaru ne kafin ya shiryu, ko shi ma a gidan aurensa na fari ya samo, tana iya zagaya gidaje da yawa waɗanda babu wanda ya taɓa ƙetare iyaka a cikinsu. Ba na ɓoye cewa babbar hanyar da take kaiwa maƙogwaro ita ce haɗuwar baki da al'aura. Hukuncin wannan a fiƙihu na bar wa malamai, Malam ya fi ni sani. Abin da nake cewa kawai, abu ne da ke iya faruwa tsakanin miji da matarsa ta sunna, kuma a cikin marasa lafiyar da aka yi bincike a kansu akwai waɗanda suka ce ba su taɓa yi ba.

Sannan ga tsawon lokaci. Tsakanin ɗaukar ƙwayar da bayyanar sankarar ana iya yin shekara 10, ko 20, ko 30. Babu wani awo a duniya da zai gaya wa likita yaushe aka ɗauka, ko daga wa. Matar da ta karanta rubutun Malam ta fara lissafin tafiye-tafiyen mijinta na bara, lissafin banza take yi.

Alƙaluman da Malam ya kawo na haɗari ne a cikin taro, ba hukunci a kan mutum guda ba. Ninki takwas da rabi yana da ban tsoro a kunne, amma ninkin me? A Amurka, inda ciwon ya yi yawa, lissafin da aka buga a 2017 ya nuna cikin maza 1,000 kusan 7 ne za su yi sankarar tsakiyar maƙogwaro a tsawon rayuwarsu, cikin mata 1,000 kuma kusan 2. Da ciwon alƙali ne mai bin laifi, da ya fi haka kama mutane, da kuma bai kama wanda bai ji ba bai gani ba. Akwai jarirai da ke ɗaukar nau'i na 6 da na 11 daga mahaifiyarsu a lokacin haihuwa, tsiro ya riƙa fito musu a maƙoshi, murya ta dishe, numfashi ya yi wuya, a yi ta kai su tiyata. Likitocin kunne da hanci da maƙogwaro a Najeriya sun san waɗannan yara. Wane asiri nasu aka tona?

Malam ya fi ni sanin nauyin ƙazafi. Shari'a ta nemi shaidu huɗu da suka gani da idonsu, ta kuma tanadi bulala 80 ga wanda ya jefi mai kamun kai bai kawo su ba. Ban ga yadda takardar ɗakin awo za ta tsaya a madadin shaidu huɗu ba, alhali likitan da ya sa mata hannu ma ba zai iya rantsuwa a kan komai ba sai cewa akwai ƙwaya a cikin nama.

Kuma irin wannan magana a kan mace take faɗawa. Ɗan wasan Amurka Michael Douglas ya bayyana a 2010 cewa yana da sankara. A 2013 ya gaya wa jaridar Guardian cewa HPV ce ke kawo irin tasa, ta hanyar saduwar baki. Duniya ta ɗauka, aka koma ana tsegumi a kan matarsa, har daga baya ya nuna nadamar kunyar da ya jawo mata. Wannan a ƙasar da ba a cika jin kunyar irin wannan zance ba ke nan. A Kano ko Maraɗi fa? Ko dai a ce mijin ne ya ci amana, ko danginsa su ce ita ta kawo masa. Alhali binciken da aka buga a 2014 a kan matan masu wannan ciwo ya nuna ƙwayar ba ta fi yawa a bakinsu ba idan aka kwatanta da sauran mata. Babu dalilin raba kwano, babu dalilin raba shimfiɗa. Abin da likitoci ke ba matar shawara shi ne ta ci gaba da zuwa awon bakin mahaifa kamar kowace mace.

Ɓarnar da ta fi kusa kuwa ita ce jinkiri. Wannan ciwo yakan fara ne da ƙululu a gefen wuya wanda ba ya zafi, ko ciwon maƙogwaro a gefe ɗaya da ya ƙi tafiya, ko ciwon kunne ɗaya alhali kunnen lafiya lau, ko wahalar haɗiya, ko gyambo a baki da ya wuce mako uku bai warke ba. Dama can mutanenmu sukan fara da kemis, a sha kafso kala-kala, a je wurin wanzami ya cire belu, wani a ɗora shi kan maganin tarin fuka saboda kumburin wuyan, sai abu ya ci ƙarfi tukuna a nufi babban asibiti. Babu awon da ake yi wa masu lafiya don gano sankarar maƙogwaro da wuri kamar yadda ake yi na bakin mahaifa, don haka abin dogaro kawai shi ne mutum ya kai kansa da zarar ya ga alama. Wuraren yi wa sankara gashi a Arewa kuma ƙalilan ne, irin su Shika a Zariya da Sakkwato da Abuja, ga layi ga tsada. Yanzu a kan wannan duka Malam ya ɗora kunya. Limami ko malamin makaranta ko ɗan kasuwa mai mutunci da ya ji ƙululu a wuyansa, bayan ya karanta cewa ciwon shaidar fasiƙanci ne, rawani zai ƙara naɗawa ya rufe shi.

Abin takaicin shi ne irin da HPV ke kawowa ita ce ta fi jin magani. Wani babban bincike da aka buga a 2010 ya nuna bayan shekara uku da fara magani, kashi 82 cikin 100 na masu irin ta HPV suna raye, masu ɗaya irin kuma kashi 57. Wato wanda Malam ya fi tsoratarwa daga zuwa asibiti shi ne wanda asibiti ya fi iya ceto.

Saura batun allura. Malam ya ce tarbiyya ta wadatar. Na yarda kamun kai yana rage haɗari, alƙaluman ma haka suka nuna, kuma ba wanda zai ce a daina koya wa yara tsoron Allah. Amma yarinyar da aka aurar tana budurwa ba ita ta zaɓi tarihin mijinta ba, ba ita za ta zaɓi tarihin amaryar da zai ƙaro ba. Ko da sankarar maƙogwaro ta HPV ba ta yi yawa a nan ba, ƙwayar kanta tana nan cikinmu, tana kisa ta wata ƙofar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu. Nau'i na 16 da na 18 ke da alhakin kusan kashi 70 na wannan. Iyayenmu ne da yayyenmu, akasarinsu ba su taɓa sanin kowa ba sai mazajensu. Idan ƙa'idar Malam ta cewa cutar na nuna mai laifi gaskiya ce, to su ma ta hau kansu, kuma na tabbata ba zai yarda ya faɗi haka ba.

Tun 2006 ake yin wannan allura a duniya. Najeriya ta shigar da ita cikin rigakafin yara a watan Oktoban 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, sau ɗaya, kyauta, aka ƙarasa sauran jihohin a Mayun 2024. Ana yin ta da ƙuruciya ne saboda tana hana kamuwa, ba ta warkar da wanda ya riga ya ɗauka, jikin yara kuma ya fi karɓarta. A Siwidin, binciken da aka buga a 2020 a kan mata fiye da miliyan ɗaya da rabi ya nuna waɗanda aka yi wa kafin su kai 17, haɗarin sankarar bakin mahaifa ya ragu musu da kashi 88 cikin 100. Tsoron cewa za ta buɗe wa yara ido, an auna shi: a Atlanta ta Amurka an bi kusan 'yan mata 1,400, aka buga sakamakon a 2012, ba a ga wani ƙarin ciki ko cutar sanyi ga waɗanda aka yi wa ba. Ban zargi iyayen da ke ɗari-ɗari ba, duk wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996 da gwajin maganin sanƙarau ya san shakkar tana da asali. Amma shakka tambaya take nema, a je a yi wa likita, ba a rufe ƙofa ba.

Game da maƙogwaro kuwa, gwajin da aka yi a Kosta Rika, wanda aka buga a 2013, ya nuna allurar ta rage samun nau'i na 16 da na 18 a baki da kusan kashi 93 cikin 100. Da yake sankarar kan ɗauki shekaru kafin ta fito, yaran da aka fara yi wa ba su kai shekarun da za a ƙirga ta a cikinsu sosai ba tukuna, amma hujjar ta isa har hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a 2020 a rubuta rigakafin sankarar maƙogwaro cikin amfanin allurar Gardasil 9. Ostareliya ta fara yi wa yara maza a 2013, Birtaniya a 2019. Mu a nan mata kawai ake yi wa, kuma akwai hikima a fara da su, tunda su ne ke mutuwa da dubbai, allurar kuma ba ta wadata ba. Idan Malam yana neman abin da zai matsa wa hukuma da tambaya a kai, ga shi nan: yaushe za a kai ga yara maza, tunda su ma suna kai ƙwayar gidajen aure, su ne kuma ta fi kamawa a maƙogwaro?